Shawarar Kwamfuta Ma Tana Da Wa'adi

Duk wanda aikinsa kula da kwamfutocin ofis ne, rabin aikinsa sauraro ne. Kafin ka taɓa na'urar, mai ita ya riga ya gaya maka abin da ke damunta, da abin da ya jawo, da maganin da wani ɗan'uwansa ya ce a yi mata. Shekarun da na yi a wannan aiki sun nuna min cewa mafi yawan abin da mutane ke faɗa game da kwamfuta ba ƙarya ba ne, kuma ba jahilci ba ne. Gaskiya ce da wa'adinta ya ƙare, sai dai ba wanda ya zo ya sanar da mai ita. Kamar maganin da ya daɗe a durowa ne: lokacin da aka saya yana aiki, amma yanzu sai an duba kwanan watan da ke jikin kwalin.

Maganar batir ce ta fi yawa a bakin mutane. Har yau akwai wanda zai rantse maka cewa sabuwar waya sai an bar ta a caji awa takwas kafin a kunna, kuma kada a sake jona ta sai ta mutu murus. Wannan shawara tana da asali. Batiran da, waɗanda ake yi da nikel da kadmiyom, idan ana yawan caja su kafin su ƙare sukan rage ƙarfi. Amma tun 1991 kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyom, wanda shi ne a kowace waya da kowace kwamfutar cinya a yau, kuma halinsa ya saba wa na da. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne zafi, da barinsa ya ƙare ƙurmus a kai a kai, da zamansa cike taf wata da watanni. Shi ya sa a 2019 Apple ta sa wa iPhone tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80 cikin dare, sai gab da lokacin da mutum ya saba tashi ya ƙarasa cika. Kwamfutocin cinya da dama ma suna da wurin da za ka ƙayyade hakan da kanka.

An taɓa kawo min wata da batirinta ya kumbura har ya ture wurin da ake goga yatsa ya ɗago sama, murfin ƙasa ya buɗe baki. Mai ita yana bin duk dokokin da ya gada, ba ya jona ta sai ta mutu. Abin da bai taɓa ji ba shi ne ɗora ta a kan katifa yana toshe kafar iska. Da na buɗe, ƙura ta dunƙule a bakin fanka ta zama tamau, sai da na zare ta da hantsaki a haɗe, ba ta ko wargaje ba. Ya kiyaye dokar batirin da ba shi ne a na'urarsa ba, ya bar wadda ta shafe shi.

Haka ma lambobin da ake alfahari da su. "Core i7 ce fa, Malam," in ji mai kwamfutar da ke ɗaukar minti uku kafin ta buɗe. Sunan i7, wanda kamfanin Intel ke sa wa injin sarrafawa na cikin kwamfuta, ya fito tun 2008, kuma Intel ta ci gaba da liƙa shi a kan tsara bayan tsara. Wata i3 ta 2022, duk da a suna ƙasa take da i7, za ta bar i7 ta 2011 a baya ba tare da ta yi gumi ba. Kuma sau da yawa nauyin ba daga nan yake ba, daga ma'adanar bayanai yake. Tsohon faifai yana juyawa ne sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannu da ke kai da kawo yana neman inda aka ajiye abu. SSD kuwa, wato sabuwar ma'adana mara faifai, ba ta da abin da ke motsi. Na sha ganin kwamfutar da aka yanke wa hukuncin zuwa sito ta dawo aiki da sauyin wannan abu ɗaya. Amma sai ka tarar mai ita ya ɗauko tsohuwar al'adar jera gutsattsarin fayil da ake yi wa faifai mai juyawa yana so ya yi wa SSD, alhali ba ta buƙata, kuma yawan rubutu a kanta ne ke rage mata kwana.

Ba ɗaiɗaikun mutane kaɗai ke riƙe da tsohon zance ba. Ma'aikatu sun fi kowa. Dokar nan ta cewa kalmar sirri sai da babban baƙi da ƙarami da lamba da wata alama, kuma a sauya ta duk bayan kwana 90, ta samo ƙarfi daga wata takarda da hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar a 2004. Wanda ya rubuta ta, Bill Burr, ya faɗa wa jaridar Wall Street Journal a 2017 cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. A shekarar ce hukumar ta sauya shawara: tsawo ya fi dagulewa amfani, kuma kada a tilasta sauyi sai an ga alamar an saci kalmar. Microsoft ma ta cire dokar sauyin daga shawarwarinta a 2019. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ɗaga kibod a ofis. A ƙarƙashinsa za ka ga 'yar takarda, an soke kalma an rubuta wata, kuma bambancinsu lambar ƙarshe ce kawai, 7 ta koma 8. Duk da haka akwai wuraren da dokar ke nan daram, don tana cikin kundin da ba wanda ya sake buɗewa tun da aka sa masa hannu.

Inda gardama ta fi zafi shi ne sabunta manhaja, kuma a nan kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a raina ba. Masu cewa a sabunta nan take za su tuna maka WannaCry. A watan Mayun 2017 wannan manhajar garkuwa da bayanai ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka soke dubban alƙawuran ganin likita. Abin takaicin shi ne Microsoft ta fitar da facin manhaja da ke toshe kafar da ta bi ta shiga tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda suka yi ta danna "sai an jima".

Su kuma masu cewa abin da ke aiki a ƙyale shi, ranar 19 ga Yulin 2024 ta ba su abin faɗa har ƙarshen rayuwa. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan fayil mai kuskure zuwa ga abokan cinikinsa a lokaci guda, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka faɗi, allo ya koma shuɗi. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci da gidajen talabijin suka tsaya. Kuma ba a iya gyarawa daga nesa ba a yawancin wurare, sai da ma'aikata suka bi na'ura ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu. Ba ɗan kutse ne ya yi ba, mai gadin ne da kansa.

To, wa ke da gaskiya? Ni dai abin da aiki ya koya min shi ne tambayar ce aka yi ta a karkace. Ba "a sabunta ko kada a sabunta" ba ne, "a kan wace na'ura za a fara, kuma a jira kwana nawa" ne. Ina fara sakawa a kan kwamfutoci kaɗan waɗanda ko sun tsaya ba za a rufe ofis ba, in bar su su yi 'yan kwanaki, sannan in bi sauran. Kwanaki, ba watanni ba. Facin tsaro na burauza da na waya kuwa ba na jira da su, don su ne ƙofar da ke fuskantar titi. CrowdStrike ma abin da ta yi alkawari ke nan bayan abin ya faru, cewa za ta riƙa sakin sabuntawa rukuni-rukuni.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne mai son tsohuwar Windows. "Windows 7 ta fi daɗi," kuma ban musa ba, ta yi daɗi a zamaninta. Amma an daina yi mata faci tun Janairun 2020, kamar yadda aka daina yi wa XP a 2014, kuma 14 ga Oktoban 2025 ce ranar da aka sa wa Windows 10. A nan ina tausaya wa masu ƙorafi, don Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma sabon-sabon injin sarrafawa, saboda haka kwamfutoci masu lafiya ƙalau sun zama saniyar ware. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma nasa wa'adin bai ƙare ba.

Rigimar Windows da Mac da Linux kuwa na daina shiga. Mai cewa Mac ba ta kamuwa da cuta bai ji labarin Flashback ba, wadda ta kama kimanin 600,000 a 2012. Mai cewa ba wanda ke amfani da Linux yana faɗa ne da wayar Android a hannunsa, wadda a kan Linux aka gina ta, ga kuma manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da dukkansu ita suke amfani da ita tun 2017.

Labaran fasaha suna da irin wannan cuta, sai dai tasu ta fuskanci gaba. Mutumin ofis yana ba ka labarin na'urar shekara goma da suka wuce, jarida tana ba ka labarin wadda ba ta iso ba, wataƙila ma ba za ta iso ba. A 2013 an ce tabaran Google Glass za su maye gurbin waya. A Maris ɗin 2021 an sayar da wani hoton NFT, wato hoton dijital mai shaidar mallaka a intanet, dala miliyan 69, aka ce makomar zane ke nan. A Oktoban shekarar Facebook ta sauya suna zuwa Meta don duniyar da za mu riƙa taro da hular gani a kai. A gefe guda, harshen rubuta manhaja na COBOL na 1959 yana nan yana lissafin kuɗi a bankuna, kuma sai a 2024 gwamnatin Japan ta gama soke dokokin da ke neman a miƙa takardu a kan faifan filofi, shekara 13 bayan Sony ta daina yin sa. Idan shugaba ya shigo da labarin da ya karanta da safe yana cewa, "Mu ma ya kamata mu koma wannan," nakan ce, "Ranka ya daɗe, wane aiki ne a cikin ayyukanmu zai yi mana?" Sau da yawa a nan maganar ke kwanciya. Wani lokacin kuma akan sami amsa mai kyau, sai mu gwada.

Ƙirƙirarriyar basira ce ta fi rikita lissafin, don a kanta ra'ayi yana tsufa cikin watanni. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, ina jin mutum biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya yana cewa shirme take zubawa, ɗaya yana cewa ta gama da aikin kowa. Na farkon ya gwada ta sau ɗaya a farkon fitowarta bai sake komawa ba. Na biyun ya ga bidiyon talla. Dukkansu abu ɗaya nake tambaya: yaushe ka gwada, kuma a kan wane aiki? Tana rage wahalar rubuta wasiƙa da taƙaita dogon rahoto, wannan na gani da idona. Kuma tana iya ƙirƙiro abin da babu ta faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa, kamar yadda wasu lauyoyi a New York suka gane a 2023 lokacin da kotu ta ci su tarar dala 5,000 saboda sun miƙa shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yi ba.

Hatta shawarar da aka fi tsokanar masu irin aikina da ita, wato "kashe ka kunna", ta sauya ba a sani ba. Tun daga Windows 8, maɓallin kashewa ba ya share komai, yana ajiye wani ɓangare na tsarin ne don ta tashi da sauri gobe. Maɓallin sake kunnawa ne ke farawa daga tushe. Shi ya sa Hajiya za ta ce min kullum tana kashe kwamfutarta kafin ta tashi aiki, kuma gaskiya ta faɗa, amma in duba in ga tsarin yana ƙirga makonni bai huta ba. Ba na ce mata ba haka ba ne. Nakan ce da can haka ne, sannan in nuna mata ɗayan maɓallin.

Shawara ɗaya ce ban ga ta tsufa ba, ita ce a ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban. Ita ma da sharaɗi. A Janairun 2017 wani injiniya a GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, da suka juya ga hanyoyin ajiyar da suka tanada sai suka tarar kusan duk ba sa aiki, wasu sun daɗe da tsayawa ba wanda ya lura. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, abin da aka yi a cikin awa shidan kuwa ya tafi. Saboda haka lokaci-lokaci nakan zaɓi fayil ɗaya daga cikin ajiyarmu, in dawo da shi a wata kwamfuta, in buɗe in ga ko yana karantuwa.