Layin ɗigo-ɗigo a Power BI

Inda nake aiki kayan masarufi muke rabawa diloli, shinkafa, taliya, man gyaɗa da sauransu, ni ke haɗa rahoton wata a Power BI, manhajar Microsoft ta haɗa rahoto daga teburan bayanai. Teburin oda namu kowane layi rana uku gare shi, ranar da dila ya yi oda, ranar da mota ta sauke masa kaya, sai ranar da ya biya tunda yawanci bashi suke ɗauka. Teburin kalanda kuma guda ɗaya ne. Na ja alaƙa, wato layin da ke haɗa tebur da tebur, daga kalanda zuwa ranar oda layi ya fito miƙe, na ja ta biyu da ta uku suka fito ɗigo-ɗigo, ban tsaya neman dalili ba na wuce.

Ƙarshen wata oga ya kira ni, ga mai sito zaune da littafinsa ga akawu, lissafi uku ba wanda ya yi kama da wani. Wallahi raina ya ɓaci sosai don mai siton nan dattijo ne mai amana, kuma na ga an fara masa wani irin kallo.

Ashe Power BI alaƙa ɗaya tak yake bari ta yi aiki tsakanin tebur biyu, domin in ka danna Maris dole ya san hanyar da zai bi ya tace maka, mai ɗigo-ɗigon tana nan amma barci take. Toh duk rahotona ranar oda yake bi. Dila ya yi oda 30 ga Maris, mota ta sauke 2 ga Afrilu, kuɗi ya shigo a Mayu, a wajena cinikin Maris ne, mai sito ya rubuta Afrilu, akawu kuma Mayu. Kowa gaskiyarsa ya faɗa.

Gyaran a DAX yake, wato yaren rubuta lissafi na Power BI, cikin umarnin CALCULATE sai ka sa umarnin USERELATIONSHIP ka ba shi ginshiƙan ranar guda biyu, zai tashi mai barcin a cikin wannan lissafin kaɗai, sauran rahoto ba abin da ya taɓa shi. Amma fa sai ka riga ka ja layin alaƙar, in babu shi ba zai yi ba. Na yi lissafi uku kowanne da sunansa ƙarara, wanda aka yi oda, wanda aka sauke, wanda aka biya.

Bayan sati oga ya ce yana son ganin odar Maris a wane wata aka sauke su, wato rana biyu a lokaci guda. Nan na kwafi kalanda ta biyu na haɗa ta da ranar saukewa ita kaɗai da layinta miƙe, ba wani nauyi tunda shekara layi 365 ne. Na kai wa mai sito kwamfutar har sito, na ce Baba duba Afrilu, ya buɗe littafi yana bi da yatsa muna ƙirga buhu, har ƙasan shafi lissafi ya zo ɗaya.