Inda na kai da turaren wuta: tallar ƙamshi ta waya

'Yan uwa masu koyon haɗa turare, barkanmu da war haka. Wasu cikinku sun ce in faɗi yadda nake fitar da kaya, tunda haɗawa daban, sayarwa daban. To ga inda aka kwana.

Haɗin dai alhamdu lillahi, hannu ya fara zama. Sukarin yanzu yana narkewa ya kama hawi da sandal ba tare da ya yi baƙi ba, kuma na tabbatar turaren da aka rufe a kwalba ya tsumu ya fi wanda aka sauke yau aka sayar yau. Humra ce har yanzu nake lallaɓawa, don farce, wato murfin dodon koɗin teku da ake sa mata, sai an wanke shi wankin gaske an soya kafin ƙarninsa ya fita.

Matsalarmu a talla ba irin ta kowa ba ce. Mai atamfa a Kantin Kwari zai ɗauki hoto, a ga zane a ga kala, ciniki ya faɗa. Ana cewa gani ya kori ji, amma namu kayan sai an shaƙa, ƙamshi kuwa ba ya bi ta waya. A hoto duk turaren wuta kamarsu ɗaya: itace mai duhu yana sheƙi a kwalba. Shi ya sa na rage hoton kwalba, na koma nuna aikin hannu. Ina jingine wayar da gwangwanin madara kusa da taga da hantsi, in ɗauki hannuna yana dakan kajiji, ko lokacin da nake tsiyaya madarar turare, wato man turaren da ba a sirka ba, a kan itacen yana tsotsewa. Bidiyon da ya fi jan mutane shi ne na kasko: garwashi ya yi ja, a barbaɗa turaren, hayaƙi ya miƙe. Idan za ku gwada, ku rataya baƙin mayafi a baya, hasken ya zo ta gefe. A jikin farin bango hayaƙin ɓacewa yake yi.

Rubutun ƙasan bidiyon ma na gyara shi. "Ƙamshi mai daɗi" kowa na rubutawa, ba ya gaya wa mai saye komai. Ni yanzu ina faɗin na ɗaki ne ko na kaya ko na jiki, mai sanyi ne ko mai ƙarfi, yana kama labule ko yana saurin tafiya. Wanda na san ya yi wa mai mura ko mai jariri ƙarfi, ina faɗa.

Tambayar da ba ta ƙarewa ita ce, "Anti, na Maiduguri ne?" Sunan Borno yana sayar da turare, kuma da haƙƙinsa, domin matan Barebari da Shuwa su ne iyayen gidanmu a wannan sana'a, ita humra ma ta Sudan da Chadi ta biyo. Amma ni a Kano na haɗa nawa, haka nake rubutawa. Idan itacen daga can aka kawo min, in ce itacen daga can yake. Wadda ta tashi cikin turare hancinta ba ya ruɗuwa, kuma ita ce za ta yi magana a gidan biki.

Game da shafukan, abin da na lura shi ne Instagram da TikTok bakin titi ne, WhatsApp kuma tsakar gida. A can baƙi ke ganinki, a nan ake zama a yi ciniki. Sitatus ɗin WhatsApp awa 24 yake yi ya sauka, kuma ba mai ganinsa sai wadda kika ajiye lambarta ita ma ta ajiye taki. Don haka duk wadda ta yi min magana, ko ba ta saya ba, ina cewa, "Hajiya, don Allah ki ajiye lambata, ni ma na ajiye taki." Mata da yawa sai sun yi makonni suna leƙen sitatus shiru, ranar da bikin ƙanwarsu ya taso sai ki ga sallama.

Wadda ba ta koma WhatsApp Business ba, to ta koma. Tun 2018 aka fito da shi, kyauta ne, kuma yana da wurin jera kaya da hoto da farashi, da alamar da za ki liƙa wa kowace hira: wannan ta biya, wannan tana jiran aike. Yana da amsoshin da ake ajiyewa, lambar asusu da kuɗin aike ba sai kin sake rubutawa kullum ba. Saƙon bai-ɗaya, wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, shi ma sai waɗanda suka ajiye lambarki yake isa. Abin da ba na yi shi ne jefa mutane a guruf ba da izininsu ba. Ni kaina idan aka yi min haka fita nake yi.

Farashi kuwa a fili nake sawa. Na san wasunmu sun fi son a biyo su ta gefe a tambaya, wai kada abokan sana'a su gani. Abokan sana'a za su sani ko ta yaya. Wadda ake asara ita ce mai kunyar tambaya, wadda ke tsoron ta ji kuɗin ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta janye. Gaskiya madarar turare tana bin dala, farashi ba ya zama wuri ɗaya, to sai in gyara jerin duk lokacin da na dawo daga kasuwa.

Yadda ake amsa mutane ya fi duk wannan. Ko da "nawa" kawai aka rubuto, ina fara da gaisuwa. Manyan mata sun fi son saƙon murya, wasu karatun boko bai zauna musu ba, wasu kuma so suke su ji da wa suke magana. "Ina wuni Hajiya, ya gida, ya yara? Wannan na kaskon da kika gani mai sanyi ne, idan mai ƙarfi kike so akwai wani." Cikin kowace oda ina saka ɗan ƙulli na wani turaren daban, na gwaji. Wannan ƙullin shi ne kaɗai hanyar da ƙamshin ke isa hancin da bai san shi ba, kuma ya fi kawo min ciniki a kan duk wani bidiyo. Idan ta dawo da yabo, sai na nemi izininta, na rufe suna da lamba, sannan in ɗora. A Instagram ina tara irin waɗannan a da'irorin saman shafi, inda ba sa sauka. Sayen mabiya kuwa ɓarnar kuɗi ce, ba hanci gare su ba.

Kuɗi: tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kusan kowa ya koma tiransifa. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Sai na buɗe asusuna na ga sun zauna kafin kaya su bar gida, kuma ina faɗin haka tun farko cikin ladabi don kada wata ta ga kamar ita ake zargi. Cikin gari mai Adaidaita Sahu da na sani yake kai min. Na nesa a tasha nake ba direba, in ɗauki hoton ƙunshin, in tura wa mai kaya lambarsa.

Abu ɗaya da nake roƙonku: ku sami littafi. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa shida, tunda duk na kamfani ɗaya ne. A shekarar ne kuma gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya, daga Yuni har Janairun 2022. Shafi aro ne. Ni sunan kowace kwastoma da garinta da irin turaren da take so suna rubuce a takarda. Ku kuma kunna makullin mataki biyu na WhatsApp, kuma lambobi shidan nan da ke shigowa ta tes kada ku karanta wa kowa, ko da ya ce daga guruf ɗin masu turare yake kira. Da su ake ƙwace miki WhatsApp a bi kwastomomi ana karɓar kuɗi da sunanki.

Yanzu shirin azumi nake yi, ƙananan kwalabe na rabon Sallah da manya na amare, don su samu lokacin tsumuwa. Abin da ya rage min shi ne murfi. Humra tana tsattsafowa a hanya idan mota ta yi zafi, ko na naɗe bakin da salatif. Wadda ta san inda ake samun kwalba mai toshi a ciki a Sabon Gari, don Allah ta faɗa mana layin.