Jona hedifon a bayan amfilifayar sifika: abin da baƙar kusa ta jawo mini

Lissafin rage ƙarfin amfilifaya domin hedifon ba shi da wuya, kuma sauƙinsa ne ke sa mutum ya saki jiki. Amfilifayar da ke ba da wat 50 a kan sifika mai om 8 tana fitar da bolt 20 idan an ƙure ta, alhali hedifon ɗina, Sennheiser HD 600 mai om 300, bolt biyu ma sun ishe shi ya cika kunne har mutum ya nemi ragewa. Aikin rizista, ƙaramin ɓangaren nan da ke turje wa wucewar wuta wanda ake auna turjiyarsa da om, shi ne ta shanye wannan rarar, ta kuma danne shuuu ɗin da amfilifaya ke yi, wanda ba a jin sa a sifika amma yake fitowa fili da zarar an manna shi a kunne.

Da farko na bi hanyar tsofaffin amfilifayoyi, wato rizista ɗaya a jere da kowane kunne, na sa mai om 220. Sauti ya fito, amma bes ɗin ya kumbura, ya yi taushi, kamar gangar da fatarta ta sha raɓa. Dalili kuwa shi ne turjiyar hedifon ba ta tsaya wuri ɗaya ba: wannan mai om 300 yana haura om 500 a wajen haz 100, saboda haka rabon da yake samu daga rizistar yana ƙaruwa a daidai wurin da kusan desibel biyu. Sai na koma ga rizista biyu a kowane ɓangare, mai om 100 a jere, mai om 10 kuma a gicciye tsakanin wayar sauti da giraun, wato layin sifili da wuta ke komawa ta kansa. Wannan yana sauko da bolt 20 zuwa kimanin 1.8, kuma turjiyar da hedifon ke gani a bayansa ta koma om 9, ƙasa sosai da kashi ɗaya cikin takwas na tasa da masu wannan harka ke yawan ba da shawara. Mai om 100 ɗin tana iya ɗaukar fiye da wat uku idan an ƙure murya, don haka na yi amfani da farar rizistar nan mai wat 5. A kan tsohuwar amfilifayata akwatin da na haɗa rizistocin a ciki ya yi aiki yadda nake so, ba ni da abin cewa.

Matsalar ta zo ne ranar da na cire akwatin nan na ɗaura shi a bayan wata ƙaramar amfilifaya mai aji D, irin masu aiki ta hanyar kunna wuta da kashe ta da sauri sosai, da nake ji da ita. Kusoshinta na jona wayoyin sifika guda huɗu ne kamar na kowace, ja biyu da baƙi biyu, kuma babu wani rubutu a jikinta da ya ce a yi hattara. Jak ɗin hedifon na yau da kullum yana da ƙafa uku ne kawai, hagu da dama da giraun ɗaya da suke tarayya a kai, saboda haka a cikin akwatina baƙaƙen wayoyin nan biyu a haɗe suke da dalma, ba tare da ko om ɗaya a tsakaninsu ba. Na kunna da murya ƙasa ƙasa, muryar mawaƙi ta fito tsaf a tsakiya, har na gyara zama. Da na ɗan murɗa sama, kiɗa ya karkata ɓangaren hagu, sai na ji ƙas, fitilar gaba ta mutu, wani siririn wari na ƙonanniyar roba ya taso daga ramukan shan iska. Da na buɗe ta, aisin (IC, ɗan guntun lantarkin) da ke fitar da sauti ya yi ƙoƙo a tsakiya, ya tsage.

A irin wannan amfilifaya, wadda ake kira BTL, baƙar kusa ba giraun ba ce. Kowane ɓangare yana da amfilifaya biyu a ciki, ɗaya tana tura jar kusa, ɗaya tana tura baƙar da kishiyar siginar, sifika kuma yana zaune a tsakaninsu. Haɗa baƙar hagu da baƙar dama daidai yake da ɗaure bakin amfilifaya biyu masu rai da waya ɗaya. Muddin abin da suke fitarwa iri ɗaya ne, kamar muryar da ke tsakiya, ba su da abin faɗa a kai sosai, shi ya sa na ji komai lafiya da farko. Da siginar hagu ta bambanta da ta dama, sai wuta ta bi ta wayar nan babu abin da ya tare ta. Rizistocin da na ɓata lokaci ina lissafawa duk suna kan jan layi ne, ba su da hannu a wannan hanyar ko kaɗan. Wannan shi ne abin da har yanzu yake ci mini rai, domin hedifon ɗin da nake jin tsoron ƙonawa bai ji komai ba, amfilifayar da ban taɓa kawo ta a rai ba ce ta tafi.

Gwajin da zai hana wannan bai kai minti ɗaya ba. A kashe amfilifaya, a zare ta daga wuta, a cire wayoyin sifika, sannan a sa mita mai auna om a tsakanin baƙaƙen kusoshin biyu. Idan ta nuna kusan sifili, giraun ɗinsu ɗaya ne, akwati mai jak na yau da kullum zai yi. Idan ta nuna wani abu dabam, ko ta ƙi tsayawa, kada a haɗa su. Ni yanzu ko littafin na'ura ya ce komai sai na auna, domin launin kusa ba hujja ba ne, kuma yawancin ƙananan amfilifayoyi masu aji D da rediyoyin mota a wannan tsari aka gina su.

Da na samu wata a madadinta, ita ma BTL, ban yarda na sake kusantar jak mai ƙafa uku ba. Kowane kunne na HD 600 yana da wayoyinsa biyu daban, don haka na yanke kan kebul ɗin na sa masa wani filogi da ake kira XLR mai ƙafa huɗu, hagu da dama ba su haɗu a ko'ina ba. Om 100 ɗin kuma na raba shi biyu, mai om 47 a kan ja, mai om 47 a kan baƙi, mai om 10 a tsakaninsu, ta yadda ko wani abu ya taɓa wani a ɓangaren hedifon, akwai rizista a gaban kowace kusa. Na ƙara mai om 8 babba a gicciye da kusoshin kowane ɓangare, domin matatar da ke bakin yawancin masu aji D an yi ta ne don nauyin sifika, idan babu shi siraran sautuka sukan yi kaifi. Mai amfilifayar bawul, irin ta da mai kwalaben gilashi, ya fi kowa buƙatar wannan nauyin, domin tiransifomarta tana iya lalacewa idan aka tura ta babu kaya. Rizistar nan mai om 8 tana zafi sosai, sai da na ɗaure ta a jikin ƙarfen akwatin kafin na iya rufe murfinsa.