Asabar a saman benen Kawu, Jidda

Tun daren Juma'a Kawu ya aiko a gaya mini in yi sammako, mirkaz ɗinsa, wato bencin katakon da yake zaman hira a kai, da shingen katakon saman bene suna son fenti kafin ruwan Nuwamba. Ina idar da asuba na tashi babban ɗana, muka biya muka sayi ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, muka nufi gidan.

Kowa a gidan maganar ruwan sama yake, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya ga ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 da ta ci rayuka sama da ɗari, ko ruwan 24 ga Nuwamba 2022 da ya sauke milimita 179 cikin awa shida, ba sai an tuna masa ba. Sai dai ni a ganina ba ruwan sama ke kashe katako a garin nan ba. Kwana nawa ake ruwan a shekara? Abin da ke cinsa kullum shi ne danshin teku da dare, da zafin rana in gari ya waye. Da dare ya sha raɓa mai gishiri ya kumbura, da hantsi rana ta gasa shi ya tsuke. A haka a haka har fentin ya gaji ya tsattsage, danshi ya samu ƙofa.

Da muka hau ma hannun mirkaz ɗin a jiƙe yake sharkaf, alhali ko ɗigo ba a yi ba. Dole muka zauna muka karya, muna jiran ya sha iska.

Mirkaz ɗin irin na mutanen Hijaz ne, dogo mai majingina, wanda in ka zauna ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Ya girmi ɗana nesa ba kusa ba. Daga sama lafiyarsa lau, in ban da tsohon banish da ke ɓarewa. Da muka kifa shi ne aikin ya nuna kansa. Na danna sukundireba a gindin ƙafa ɗaya, ta lume ba gardama. Katako kamar rake yake, hanyoyin ruwansa a tsaye suke bin tsawonsa, don haka bakin da aka yanka ya fi ko'ina zuƙar ruwa. Ƙafafun nan kuwa shekara da shekaru suna tsaye a kan tayil ɗin da Hajiya ke wankewa da tiyo, kuma duk wanda ya taɓa yi musu fenti bai taɓa leƙa ƙarƙashinsu ba. Mai fenti ya shafa inda ido ke gani, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Na auna yatsa biyu a kowace ƙafa na yanke da zarto, duka huɗun, don kada ya riƙa ɗingishi. Ƙusoshin da na zaro sun koma garin tsatsa, sun bar baƙin tabo kewaye da ramukansu. Na maye su da sukurori marasa tsatsa. Sun fi tsada, amma a garin da iska ke ɗauke da gishiri ƙusar baƙin ƙarfe asarar kuɗi ce.

Nan Kawu ya kawo shawararsa. Ya ce, “Ɗan nan, ka samo baƙin mai wurin masu gyaran mota ka shafe ƙafafun. Mu da shi muka san ana korar gara a gida.”

Na ce, “Kawu, gaskiyarku, a turken da aka kafa cikin ƙasa an saba yin haka. Amma nan bene ne, ba gara ce ta ci shi ba, ruwa ne. Kuma in ya sha baƙin mai fenti ba zai ƙara kama shi ba.”

Ya ce na cika boko. Ban ƙara ba, don na san in na shiga bayanin dattin ƙarfe da gubar da ke cikin tsohon mai sai mu kai azahar. Hajiya ce ta raba gardamar daga bakin matakala. Ta ce duk wanda ya shafa baƙin mai a abin da ake zama da farar jallabiya, shi zai riƙa wankin. Kawu ya kurɓi shayinsa bai ce uffan ba.

Gardama ta biyu da ɗana ce, shi banish yake so don ya ga yana ƙyalli. Ni kam na daina yarda da banish mai garai-garai a abin da zai kwana a waje. Hasken rana yana ratsa shi ya cinye fuskar katakon da ke ƙarƙashi, ita ce tokar nan da ake gani a tsohon katako. Da fuskar ta mutu banish ba shi da abin riƙewa, sai ya fara ɓarewa, kuma ba ya gyaruwa sai an kankare shi duka. Launin da ke cikin fenti shi ke tare hasken. Sai ya kawo mini misalin rawashin, tagogin katakon nan masu sassaƙa na Balad, tsohon garin Jidda, wai ga katako ya haura shekara ɗari yana nan. Na ji daɗi da ya lura. Tsohon garin nan ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2014, kuma gida irin Baitu Nasif tun ƙarni na 19 yake tsaye. Amma katakon rawashin da yawa saj ne, wato katakon tik, da jiragen ruwa suka kawo daga Indiya da Jawa, mai nauyi, mai maiƙo a jikinsa. Duk da haka je ka duba, da yawansu kore ne ko shuɗi ko ruwan ƙasa, kuma kullum cikin gyara ake. Namu suwedi ne, wato katakon Suwidin, fari mai laushi, wanda farce ma ke yi wa shaida. In bai samu fenti ba, ba shi da gata.

Gugar ita ce ta ci ƙarfinmu. Sanfefa mai lamba 80 don cire tsohon banish, sannan mai 120 don ta yi santsi, kullum ana bin tsawon katakon. Na sa yaron ya ɗaura takunkumi, don shingen yana da tsohon fenti a ƙarƙashi, irin na da kuwa wani yana da dalma. Muka goge ƙurar da tsumma mai ɗan laima. Idanun katakon da ke tsatso ƙaro na toshe su tukuna, in ba haka ba sai su ɓullo ta cikin sabon fenti su yi rawaya. Sannan asas, shafin farko. A gindin ƙafafun na yi ta ɗura shi yana shanyewa, ina ƙarawa, har ya ƙoshi ya daina sha. Duk aikin yau in za a tambaye ni, wannan ne mai amfanin.

Lokacin fenti a Jidda ɗan ƙanƙani ne. Sai raɓa ta bushe, wajen takwas, kuma kafin sha ɗaya katako ya yi zafin da fenti zai bushe daga sama cikinsa ɗanye, daga baya ya yi bororo. Dokar hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku ta ƙare tun 15 ga Satumba, amma tayil ɗin saman bene bai ji sanarwar ba. Mun ɗaura tamfol mun ja mirkaz inuwa, duk da haka sha ɗaya da rabi muka sauka.

Bayan la'asar muka koma kan shingen. Ɓangaren yamma, mai kallon teku, shi ya fi jin jiki. Kafintan da ya yi shi ya yanke kawunan katakan a kwance, ruwa yana zama a kai, duk sun tsage daga sama. Na ɗora musu dogon katako guda ya rufe su. Fenti mai haɗin ruwa na waje muka sa, kore mai duhu, zaɓin Hajiya. Yana bin katako in ya motsa, ba ya ƙagewa da wuri irin na mai, kuma cikin 'yan awanni ya bushe. Bayan shingen, wanda ba mai gani sai maƙwabta, shi ma ya sha nasa, don in an rufe fuska ɗaya aka bar ɗaya katakon lanƙwashewa yake.

Yaron ya riƙa cika burushi yana lafta shi don a gama da wuri, har yana zuba. Kawu ya ce masa, “Abokina, haka za ka yi wa amaryar taka ado? To na ƙwace ta.” Dariya ta hana shi musu. Na nuna masa: shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri daɗewa.

Saura kamar awa ɗaya da rabi magariba muka tsaya, don iska ta fara nauyi, kuma masu fenti da kansu suna gargaɗin kada a shafa in danshi ya haura kashi 85 cikin ɗari. Na ɗaura wa ƙafafun mirkaz takalman roba don su bar tayil, muka wanke burusai, na rufe gwangwanin da kyau.

Saura shafi na biyu. Gobe Lahadi akwai aiki, sai dai Litinin bayan la'asar in Allah ya kai mu. Na roƙi Kawu kada a ɗora katifa ko matashi har mako ya zagayo, don fenti yakan bushe a hannu tun bai yi ƙwari ba. Ya tambaye ni a ina zai karɓi abokan hirarsa. Na ce akwai kujerun roba a ƙasa. Ya ce shi ba biki yake ba. Muna saukowa Hajiya ta nuna mini ɗakin tattabaru, wai tunda fenti ya rage. Na ce mata sai Juma'a.