Ruɓaɓɓen tumatir ya kusa kashe min tankin bayogas

Masu cewa wai ka zuba komai kawai a tankin bayogas, wato tankin da datti ke ruɓewa a ciki yana fitar da gas na girki, zai ba ka gas, don Allah ku daina ruɗin mutane. Mu da lakar sokawe muka fara, gas ɗin ya ƙi tashi sosai, ashe dattin da ya daɗe a rami ya gama ruɓewa tun a can, ƙarfinsa ya tafi. Da muka riƙa haɗawa da kashin shanu da kayan tumbi daga kwata da ɗan ragowar tuwo, wallahi sai ga wuta shuɗiya a murhu, har muka daina sayen gas.

Sai lokacin arahar tumatir ya zo. Yaron da ke taya ni ya samo kwandunan ruɓaɓɓe kyauta a kasuwa ya juye su duka lokaci guda, shi a ganinsa taimako ya yi. Washegari robar da ke tara gas ɗin ta kumbura kamar za ta fashe muna ta murna, amma ka kyasta ashana ko ɗis ba ya kamawa, ga wani warin tsami. Na saka takardar gwajin tsami, awon daga wajen 7 ya faɗo ƙasa da 6, wato tsami ya yi yawa. Ƙananan ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da datti a cikin tankin kashi biyu ne, masu mai da abinci ya zama tsami suna da sauri, masu mai da tsamin ya zama gas mai ci kuwa a hankali suke kuma tsami na kashe su, shi ya sa abin da ya cika robar iskar banza ce kawai.

Gyaran ya ci min rai gaskiya. Dakatar da ciyarwa, kwashe rabin ruwan, farar ƙasa kaɗan kaɗan, sabon kashin shanu, ga hunturu ya shigo alhali ƙwayoyin nan zafi suke so kamar digiri 35, makonni ina cika silinda da kuɗina saboda tumatir na kyauta.

Lakar da na raina ita ce ma ke rage tsamin, don haka kar ka cire ta. Kayan gwari da ragowar abinci kuwa bokiti ɗaya ɗaya kullum, ka gauraya, ka gwada kafin ka ƙara. Ruwan da ke fitowa kar a kai wa latas ko kabeji, ƙwan tsutsar ciki ba ya mutuwa da sauƙi, bishiyoyi nake ba wa. Bakin tankin yanzu na sa masa kwaɗo, makullin yana aljihuna.