Ashana ɗaya a cikin kachalla

Har yau idan na ji ƙaurin ciyawa na ƙonewa sai gabana ya faɗi. Mu tara ɗan kwangila ya ɗauka mu share ƙarƙashin babban layin lantarki a wata fadama ta yankin Haɗejiya, mita 15 kowane gefe. Ni ne babba, ni aka damƙa wa yaran.

Wanda ya san yankin ya san kachalla, wata doguwar ciyawa mai tsiro a cikin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani yadda ya saba, ita kuwa ta samu wurin zama. Ta fi mutum tsawo, ta rufe hanyar zuwa gindin turakun, tsuntsayen jan-baki sun mai da ita gida. Kwana huɗu muna sara da lauje, matsattsaku na shan jininmu, ko turke uku ba mu wuce ba.

Rana ta biyar na dubi wadda ta bushe a tudu, na ce wa zai tsaya wahala? Na ƙyasta ashana.

Iskar hunturu ce ta ɗauke ta. Kafin in ce kwabo harshen wutar ya miƙe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe wayoyin, sai muka ji ƙara kamar aradu, wani shuɗin haske ya tsago ƙasa. Ashe zafi da hayaƙi mai toka suna zame wa lantarki gada, ba sai ka taɓa waya ba. Ƙaramin cikinmu bai fi taku ashirin da wurin ba. Da na jawo shi jikinsa rawa yake, yana ta "Kawu, kunnena, ba na ji." Sai da ya kwana biyu jin ya dawo. Me zan gaya wa uwarsa da abin ya zo da ƙarar kwana?

An zaftare min kuɗin mako biyu, ban yi musu ba. Abin haushin, bayan wata ɗaya inda na ƙona ya fi ko'ina tsiro, kore shar, don wuta ba ta kai ga saiwar. Wani tsohon masunci ya yi min dariya, ya ce a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, ruwa ya rufe kututturen ta kasa numfashi ta ruɓe.

Haka muke yi yanzu, da dogon takalmin roba saboda tsargiya da macizai. Kowace safiya kuma ni da kaina nake laluben aljihun kowa, in karɓe ashana, har ta masu shan taba.