Kafin ka kafa hujja da hukuncin WTO, bi sawunsa har ƙarshe

Ɗalibin shari'a da ya zaɓi dokar cinikayya tsakanin ƙasashe don kundin digirinsa yakan zo da ɗabi'ar da ya saba da ita a dokar cikin gida: a nemo hukuncin kotu, a ciro jimlar da ta dace, a jingina hujja a kanta. A shari'o'in Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wato WTO, wannan ɗabi'ar kan sa mutum ya gina babi sukutum a kan maganar da aka riga aka soke, ko wadda ba ta taɓa samun ƙarfin doka ba.

Shari'ar jatan lande da kunkurun teku, mai lamba DS58, ta isa misali. Amurka ta hana shigo da jatan landen da aka kamo da tarun da ba shi da kafar da kunkurun teku zai kuɓuta ta cikinta. Indiya da Malesiya da Pakistan da Tailan suka kai ƙara. Kwamitin da ya fara sauraron ƙarar ya ba Amurka rashin gaskiya a 1998. Kwamitin ɗaukaka ƙara ma ya ba ta rashin gaskiya a watan Oktoba na shekarar, amma bayan ya rushe hanyar da na farko ya bi. Ya ce Sashe na 20 na GATT, wato babbar yarjejeniyar haraji da cinikayya, mataki biyu ne, kuma a jere ake hawansu. Da farko a duba ko abin da ƙasar ta yi ya faɗa cikin ɗaya daga cikin uzurorin da aka lissafa. A nan ya faɗa, domin an yarda kunkurun teku na cikin albarkatun da ke iya ƙarewa, kuma kare irinsu na cikin uzurorin. Sannan a koma kan gabatarwar sashen, a ga ko an yi son kai wajen aiwatarwa. A nan Amurka ta faɗi: ta ba ƙasashen yankin Karibiyan shekara 3 su shirya, masu ƙara kuwa wata 4 kacal suka samu, kuma ta zauna teburin tattaunawa da wasu ta bar wasu.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Amurka ta gyara ƙa'idojinta, Malesiya ta sake kai ƙara, a 2001 kuma kwamitocin biyu suka ce gyaran ya yi. Ka ga rahoto huɗu ke nan a shari'a ɗaya. Wanda ya tsaya a na farko zai rubuta cewa dokar WTO ba ta yarda a hana shigo da kaya don kare muhalli ba, alhali ƙarshen zancen kusan akasin haka ne.

Lambar takarda ita ke nuna maka inda kake. WT/DS58/R rahoton kwamitin farko ne, WT/DS58/AB/R na ɗaukaka ƙara ne, idan kuma ka ga RW a ƙarshe, to zagayen duba bin umarni ne. Buɗe shafin shari'ar a rumbun WTO na intanet, ka jera takardun bisa kwanan wata tun kafin ka fara karanta ko ɗaya.

Daga nan sai babbar tambaya: shin an amince da rahoton? Rahoto ba ya ɗaure kowa sai majalisar warware rikici ta ƙasashen ƙungiyar ta karɓe shi. A zamanin tsohuwar GATT ta 1947, ƙasa ɗaya, ko da ita ce ta sha kaye, tana iya tare shi. Shi ya sa rahoton 1991 kan kifin tuna tsakanin Meziko da Amurka bai taɓa samun amincewa ba, duk da yawan ambatonsa a littattafai. Tun da WTO ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1995 aka juya ƙa'idar: rahoto yana wucewa sai in kowa da kowa ya ƙi shi. Amma daga 11 ga Disamba 2019 wata ɓaraka ta buɗe. Kwamitin ɗaukaka ƙara mai kujeru 7, wanda sai da mutum 3 yake zama, ya tsaya cik saboda Amurka ta hana cike guraben. Yanzu ƙasar da ta sha kaye tana iya ɗaukaka ƙara zuwa inda babu mai saurare, rahoton ya maƙale. Haka aka yi da rahotannin Disamba 2022 kan harajin da Amurka ta ɗora wa ƙarfe da alminiyam da sunan tsaron ƙasa. Kana iya tattauna dalilansu, amma dole ka faɗa wa mai karatu matsayinsu. A ganina, ɓoye wannan ya fi kuskuren kwanan wata muni nesa ba kusa ba.

Ko rahoton da aka amince da shi, masu shari'ar kaɗai yake ɗaurewa a kan rikicin da ya haɗa su. Kwamitocin baya sukan bi shi, amma kada ka kira shi doka kamar hukuncin kotun ƙoli.

Wani wurin da ɗalibai ke gudu shi ne jadawalin haraji, domin lambobi ne zalla. Alhali Sashe na 2 na GATT ya mai da jadawalin kowace ƙasa ɓangaren yarjejeniyar. Akwai rufin harajin da ƙasa ta yi alkawarin ba za ta wuce ba, akwai kuma wanda take karɓa a zahiri. Ƙasa na iya ƙara na biyun ba tare da karya doka ba muddin bai haura rufin ba, kuma maƙaloli da yawa sun zargi ƙasashe da saɓa alkawari don kawai marubucin ya cakuɗa su. Kaya kuwa ana rarraba su da tsarin lambobi 6 na Hukumar Kwastam ta Duniya, wanda ake sabuntawa kusan duk shekara 5, kamar a 2017 da 2022. Sai ka rubuta bugun da ka yi aiki da shi, don lambar kaya kan canza.

Shari'ar naman kaza da Birazil da Tailan suka yi da Tarayyar Turai, wadda aka yanke a 2005, a kan kalma ɗaya ta tsaya. Nama ne daskararre da aka sa wa gishiri kashi 1.2 zuwa 3 cikin ɗari. In an ɗauke shi a matsayin mai gishiri, yana ƙarƙashin lamba 02.10 da harajin kashi 15.4 cikin ɗari. In daskararre ne kawai, sai ya koma 02.07 inda harajin ya fi tsada. Masu ƙara suka yi nasara, kuma an kai ga hakan ne ta bin Sashe na 31 da na 32 na Yarjejeniyar Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi: ma'anar kalma ta yau da kullum, a cikin mahallinta, bisa manufar yarjejeniyar, sannan a leƙa yanayin da aka ƙulla ta. Tsarin babin nazarinka ke nan, ba sai ka ƙirƙiro wani ba.

Kada ka manta yarjejeniyoyin WTO da harsuna uku aka rubuta su, Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, kuma duka ukun ƙarfinsu ɗaya. In kalma ta rikice maka a ɗaya, duba sauran biyun. Wajen ambato kuma, lambar sakin layi ake bayarwa a duk rahoton da ke da ita, domin lambar shafi tana bambanta daga bugu zuwa bugu.